Gado Iri Biyu Ne A Turanci: Wanda Ake Rabawa Da Wanda Ba A Rabawa

Bahaushe kalma ɗaya gare shi. Ya ce dambe gadon mahauta ne, ya kuma ce an raba gadon marigayi, duk dai "gado" ne. Bature kuwa ya bambanta su. Mutumin Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun, inda takardun kotu da na banki duk da Ingilishi ake rubuta su, wata rana sai ya gamu da wannan bambanci, galibi ma a lokacin da hankalinsa ba ya kwance, watau bayan an yi masa rasuwa.

Kalmomin su ne "heritage" da "inheritance". Tushensu ɗaya ne daga Latin, shi ya sa suke rikita har waɗanda suka yi boko mai zurfi.

"Heritage" shi ne abin da jama'a suka gada kaka da kakanni, kamar harshe da al'ada da tsofaffin gine-gine. Ba a kasa shi, kuma ba mai cewa ga rabonsa. Alal misali, hukumar UNESCO ta sa Sukur da ke Jihar Adamawa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta sa kurmin Osun na Oshogbo a 2005, hawan dabar Kano kuma ta sa shi cikin al'adun da duniya ta gada a 2024.

"Inheritance" kuwa dukiya ce da ke komawa hannun magada: gida a Agege, rumfa a kasuwa, shanu, kuɗin ajiya. A nan ne ake maganar tumunin matar mamaci idan ya bar 'ya'ya, da rabon namiji ninkin na mace. Wanda ya rubuta "heritage" a takardar neman kuɗin mahaifinsa, tamkar ya je neman ganuwar Kano ne a banki.

Akwai wasu kalmomin da suka fi waɗannan haɗari. "Estate" a bakin lauya ba rukunin gidaje ba ne, dukan abin da mamaci ya bari ne, har da bashin da ake bin sa. "Legacy" a hira suna ne ko aikin da mutum ya bari, amma a kotu kyauta ce ta wasiyya. Sai "next of kin", wadda ta sha haɗa 'yan'uwa faɗa. Da yawa sun ɗauka wanda aka rubuta sunansa a wannan gurbi shi ne magaji. Ko kusa! Shi dai mutumin da za a nema ne idan wani abu ya faru. In mamaci bai bar wasiyya ba, banki kan nemi takardar "Letters of Administration" daga ofishin gado na Babbar Kotu kafin ya saki kuɗi.

Ita ma wasiyyar da sauran magana. A Musulunci ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Amma a 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da ya rubuta bisa dokar Ingila ta 1837, ko da yake ta saɓa wa rabon Musulunci. Daga baya wasu jihohi sun gyara dokokinsu don kare rabon addini, wasu ba su gyara ba. Saboda haka abin da lauya kan fara tambayar magada shi ne inda marigayin yake zaune, da jihar da gidan yake.