Ƙwayar da ke ɗinke kanta

A kasuwar Tasawa ana saida nono da daddawar batso. Mi ke maida madara nono? Mi ke maida gurguzu daddawa? Wasu ƙananan halittu ne, sunansu bakteriya. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Wasu suna kawo ciwo, wasu suna yi wa mutum aiki.

Akwai wani haske marar ganuwa da ke fita daga ƙarfen uraniyom da irinsa. Ana kiransa tururin nukiliya. In ya yi yawa yana kashe mutum da dabba da bakteriya.

A shekara ta 1956, a jihar Oregon ta Amurka, masana suka haska naman gwangwani da tururi mai ƙarfi don kada ya ɓaci. Duk da haka naman ya ruɓe. Da suka duba, sai suka tarar da wata jar bakteriya da ranta. Sunanta Deinococcus radiodurans. Tana jure tururin da ya ninka mai kashe mutum sau 1000.

Ina sirrinta? Cikin kowace ƙwaya akwai zaren gado. Tururi yana tsinka shi gutsu-gutsu. Ita wannan tana ajiye zaren huɗu ko fiye. Sai ta duba wani, ta gyara wani, kamar yadda gyartai ke ɗinke ƙwarya. Bushewa ma haka take tsinka zaren. Shi ya sa masana ke ganin fari ne ya koya mata. A 2005 an bayyana wata ƴar'uwarta da aka samo cikin rairayin Sahara.

Wane aiki za ta yi? A ƙasarmu Nijar ana haƙar uraniyom a Arlit tun 1971. An rufe mahaƙar Akokan a 2021, amma tulin shararta yana nan. Irin wannan shara tana iya ɓata ruwan rijiya. A 2006 masana a Indiya suka gyara wannan bakteriya, ta riƙa tattara uraniyom daga gurɓataccen ruwa. Ba ta kashe tururin, amma in ta tara ƙarfen wuri guda, ana iya kwashe shi. Wannan aiki a ɗakin gwaji aka yi shi.

Tambayoyi
1. Mi bakteriya ke yi wa madara?
2. Don mi aka kwatanta ta da gyartai?
3. Ƙaƙa za ta taimaka wajen tsabtace ruwa?