Yadda Gwamnatin Texas Ta Karɓe Makarantun Houston

A Amurka, makarantun gwamnati ba a hannun gwamnatin tarayya suke ba. An kasa su gunduma-gunduma, kowace gunduma da kwamitinta, wanda galibi mutanen wurin ke zaɓa, kuma kwamitin ne ke ɗaukar babban shugaban makarantu, shi ke sallamarsa. Gundumar Houston ce mafi girma a jihar Texas. A 2023 tana da makarantu sama da 270 da ɗalibai kusan 190,000, galibinsu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi.

Wata dokar jiha ta 2015 ta ce idan makaranta ɗaya ta yi shekara biyar a jere tana faɗuwa a ma'aunin jiha, dole kwamishinan ilimi ya rufe ta, ko ya sauke zaɓaɓɓen kwamitin gundumar baki ɗaya. Sakandaren Wheatley ce ta jawo wa Houston. Kwamishina Mike Morath ya yunƙura tun 2019, gundumar ta garzaya kotu, aka yi ta shari'a har Janairun 2023, lokacin da Kotun Ƙolin Texas ta share masa hanya. Abin lura, kafin a kai nan Wheatley ta riga ta fita daga jerin masu faɗuwa.

Ranar 1 ga Yuni, 2023, Morath ya naɗa sabon kwamiti na mutum tara, ya sauke shugaban makarantun gundumar, Millard House II, ya ɗora Mike Miles, tsohon soja wanda ya taɓa shugabantar makarantun Dallas. Miles bai tsaya wata-wata ba. A makarantu 28 da ya fara da su, an umarci yawancin malamai su sake neman aikin da suke kai, wanda bai dace ba a tura shi wani wuri. An ƙara albashi sosai, amma da sharaɗi: darasi a rubuce yake zuwa daga hedikwata, malami na koyarwa da agogo, ana yi wa yara gajeren gwaji a tsakiyar darasi, masu sa ido kuma na iya faɗowa aji kowane lokaci. An soke guraben aiki sama da 2,000 a hedikwata, an sauya shugabannin makarantu da dama, malamai masu yawa suka ajiye aiki.

Babu abin da ya ɓata wa iyaye rai kamar ɗakunan karatu. An janye masu kula da su a waɗannan makarantu, aka mayar da ɗakunan wurin ƙarin aiki ga masu ƙoƙari, da kuma wurin zaunar da yaran da suka dami aji.

Sakamakon jarrabawa dai ya tashi. Makarantun da ke matakai biyu na ƙasa a ma'aunin jiha sun ragu daga 121 a 2023 zuwa 41 a 2024. Sai dai wannan bai sayo wa shugabannin amincewar jama'a ba. A Nuwamban 2024 gundumar ta nemi izinin ciyo bashin dala biliyan 4.4 don gyaran gine-gine, masu zaɓe suka ƙi, duk da sanin cewa gine-ginen na buƙatar gyara. Kwamitin da ya nemi kuɗin ba su suka zaɓe shi ba, kuma ba su da ikon cire shi. A 2025 Morath ya tsawaita riƙon jihar zuwa Yunin 2027.