In'ina Ba Aikin Aljani Ba Ce, 'Yar Uwa

Yau na ɗan ajiye alƙalamin soyayya, domin mu tattauna a kan abin da ke hana 'yan mata da yawa sakewa cikin mutane, wato in'ina.

Daga nan Gusau har Tsafe da Bungudu, duk inda aka tayar da zancen mai in'ina, hirar ba ta wuce uku: wai aljani ne ya riƙe mata harshe, wai tsoro ne, wai kwaikwayon wata ta yi abin ya kama ta. A ajinmu na sakandare akwai wadda ta fi mu duka ƙoƙari, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga hannu ba, don gudun dariya. Ranar da saurayi ya fara zuwa zance wurinta, kuka ta yi ta ƙi fita.

To, ki sani harshen mai in'ina lafiyarsa lau. Matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa. A can tsakiyarta akwai wani sashe da ke ba kowace gaɓar magana izinin fita a kan lokaci, kamar ɗan sandan da ke ba motoci hannu a shataletale. Wannan sashe yana aiki ne da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke kai saƙo tsakanin jijiyoyi. Idan aikinsa ya wuce kima, sai ba da hannun ya rikice. Kalma tana bakinki, kin san ta sarai, amma ta ƙi fitowa, ko gaɓa ɗaya ta yi ta maimaita kanta.

A 1997 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu masu in'ina, suka ga aikin dofamin a wurinsu ya zarce na sauran mutane. A 2010 kuma ayarin Dakta Dennis Drayna ya gano ƙwayoyin gado masu alaƙa da in'ina a wasu dangi na Pakistan, daga baya suka bi diddiginta a wani babban gida a Kamaru. Ashe shi ya sa take bin jini!

Kin lura mai in'ina ba ta cika sarƙewa ba in tana waƙa, ko in ana karatu baki ɗaya a Islamiyya? Amon da ke shigowa daga waje shi ke riƙe mata lokaci. Fargaba kuwa ba ita ke haifar da in'ina ba, ƙara mata wuta kawai take yi.

Yawanci tana farawa ne tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kusan yara 5 cikin 100 kan yi ta, akasarinsu su rabu da ita, sai wajen mutum 1 cikin 100 ya girma da ita, kuma maza sun fi yawa.

Akwai magungunan da ke rage ƙarfin dofamin, irin su haloperidol da risperidone, amma na taɓin hankali ne masu illa. Don Allah kada ki je kemis ki saya. Abin da aka fi dogara da shi shi ne horon magana a hannun ƙwararru, kuma gara a fara tun yarinya tana ƙarama. Ku fara da ganin likitan yara.

Iyayenmu mata, a daina tsawa da duka. Ke kuma ƙawarta, kada ki ƙarasa mata magana, ki dube ta ki saurara har ta kai aya. Ke mai in'ina, Sarkin Ingila George na Shida ya yi fama da ita, bai fasa yi wa jama'arsa jawabi ba. Annabi Musa (AS) ma ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshe. Gobe in malam ya yi tambaya, ɗaga hannunki.