Me ke riƙe gadar jirgin ƙasa ta dutse?

Layin dogon da ya ratsa Dangora, a ƙasar Ƙiru, ya taso ne daga Baro ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas. Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aiki mai araha ya nema, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Sai a koguna irin Chalawa ake buƙatar babbar gada.

Inda akwai kwari mai zurfi kuwa, jirgi ba ya iya gangarawa ya hau, dole a ɗaga masa hanya. Haka aka yi a Ribblehead ta arewacin Ingila a shekarun 1870: baka 24, tsawo mita 400, bisa mita 32.

Sirrin yana cikin bakan. Magina kan kafa ginshiƙai a kan ƙasa mai ƙarfi, su haɗa bakan katako a tsakani, su jera gini a kansa daga gefe biyu har ya haɗu a tsakiya, sannan su zare katakon. Daga nan nauyi ba ya karya bakan, matse shi yake yi, ya tura ƙarfin zuwa ginshiƙai. Wanda ya ɗaga kai a Masallacin Juma'a na Zariya ya ga ɗan'uwan wannan siffa a bakan gizon da Babban Gwani ya gina.

Dabarar da ta fi burge ni a gadar Ribblehead: kowane ginshiƙi na shida sun ƙara masa kauri, don ko baka ɗaya ya rushe, kada ya ja sauran duka. Har yau jirage na bi ta kanta.