Mun Canja Birkin Mota Da Hannunmu: Ga Ribar, Ga Hasarar

Farashin gero da dawa da masara yana can shafinsa kamar kullum. Mu a nan magana za mu yi a kan abin da ke kai hatsin kasuwa, watau mota, musamman birkinta, domin wani abu ya same mu a kakar bana wanda muka ga bai kamata mu rufe shi ba.

Muna da wata tsohuwar akori-kura da muke ɗaukar kaya da ita daga ƙauye zuwa Dawanau. Ran nan, wata Laraba, ƙafarta ta gaba ta fara kuka, ƙarfe yana cin ƙarfe, ga shi kuwa washegari Alhamis muna da alkawari da dillali a Maigatari. Muka leƙa gareji muka tarar motoci sun yi layi. Sai babban ɗanmu ya ce, "Baba, ai wannan aikin awa ɗaya ne, na ga yadda ake yi a waya." Muka auna kuɗin aikin bakanike, muka ce a bar shi a aljihu. Muka tafi Ƙofar Ruwa muka sayo diski biyu da fad huɗu. Da hantsi muka fara, ba mu ɗaura taya ta ƙarshe ba sai bayan lisha.

Yadda abin yake aiki

Diski wani faifan ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya. A bisansa akwai kalifa, wadda take kamar muƙamuƙi, cikinta akwai fad guda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. In direba ya taka birki, man birki ya bi tiyo ya tura fistan, fistan ya tura fad, su kuma su matse faifan har mota ta tsaya. Yawancin akori-kura diski ne a gaba, ganga a baya, kuma na gaban su ke yin mafi yawan aikin.

Mu masu hatsi mun fi kowa cin birki. Motar da aka ƙera don tan ɗaya sai mu ɗora mata buhu 20 mai kilo 100, tan biyu ke nan. In nauyi ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. In gudu ne ya ninka, zafin sau huɗu ne. Wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo da kaya ya san warin fad in ya ƙone.

Mas'ala ta farko: ɗaga mota

A sassauta notin taya tun mota tana ƙasa, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya da dutse ko itace. Jak na ɗagawa ne kawai, kada mutum ya sa hannu ko kai ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa mata matokarin ƙarfe ko kututture mai ƙwari. Bulon siminti ba ya amana, yana fashewa ba sallama. Kuma a kwance gefe ɗaya tukuna, a bar ɗayan a haɗe, domin in an rikice a je a duba yadda yake. Mu mun kwance duka biyun, muka zauna da 'yan ƙarafa a tabarma muna gardamar wanne ne na sama.

Mas'ala ta biyu: diski ya ƙi fita

Da aka cire kalifa, ɗanmu ya sake ta tana reto a jikin tiyonta. Wannan kuskure ne, domin tiyon roba ne, yana iya tsagewa ta ciki ba a gani. A ɗaure ta da waya a jikin sifirin.

Sa'an nan diski ya ce ba inda za shi. Tsatsa ta haɗe shi da cibiyar da yake zaune a kai kamar an yi masa walda. Maganinsa a zuba man sassauta tsatsa, a ba shi lokaci, a bubbuga shi da guduma tsakanin ƙusoshin taya, ana kiyaye zarensu. Diskin motocin Japan da yawa yana da ƙananan ramuka biyu masu zare, in aka ɗaura musu bolti mai kaurin milimita 8, ana juya wannan kaɗan wancan kaɗan, sai ya turo kansa waje. Mu ba mu sani ba, muka yi awa biyu muna duka. Wasu motocin kuma suna da ɗan sukuru mai riƙe diskin, kansa yana cinyewa da wuri. A buga masa sukurdireba irin na guduma tun da fari, in ba haka ba sai an huda shi.

Mas'ala ta uku: fistan ya ƙi komawa

Tsohon fad ya cinye, fistan ya biyo shi waje. Sabo kuwa kaurinsa ya kai milimita 10 ko fiye, ba zai shiga ba sai an mai da fistan ciki. A buɗe murfin tulun man birki da ke gaban mota, a ɗora tsohon fad a bakin fistan, a matsa da matsi a hankali. Man zai koma sama. In da ma an yi ta ƙara mai, zai tumbatsa, a rage shi da sirinji, domin yana cin fenti. Namu ya zubo ya ɓata fentin.

Tanbihi: motar da take da diski a baya, kamar wasu Golf, fistan ɗinta na baya ana juya shi ne ana turawa, saboda birkin hannu a cikinsa yake. Wanda ya matsa shi da ƙarfi kawai ya lalata kalifa. Sababbin motoci masu birkin hannu na maɓalli kuwa, yawancinsu sai an sa musu kwamfuta ta janye shi.

Mas'ala ta huɗu: sandunan kalifa

Da muka duba tsofaffin fad na hagu, na ciki ya ƙare har ƙarfe, na waje kuwa da saura. Muka ce kayan banza ne. Ashe laifin na sanduna biyu ne da kalifa ke zamewa a kansu, ɗaya ta bushe ta cije. In ba a gyara ta ba, sabon fad ma haka zai cinye, mota ta riƙa ja gefe guda. A zare su, a goge, a shafa musu giris na musamman na birki. Giris na yau da kullum yana kumbura robarsu. Kuma kada ɗigon giris ko mai ya taɓa fuskar fad ko ta diski.

Mas'ala ta biyar: tsabta

Sabon diski yana zuwa da wani mai a jikinsa don kada ya yi tsatsa, tilas a wanke shi tas. Fuskar cibiyar kuma a kankare ta da buroshin waya ko samfefa har ta yi haske. Tsatsar da ba ta fi kaurin takarda ba ta isa ta karkatar da diski, bayan 'yan makonni sitiyari ya fara rawa in an taka birki, mutum ya je yana zagin mai kanti. Ƙurar birki kuwa kada a hura ta da baki ko da iska, tana cutar da huhu. A jiƙa tsumma a share.

Abin da ya same mu

Da muka gama, muka sauke mota, ɗanmu ya shiga ya tada ta don ya gwada. Ƙofar gidanmu akwai 'yar gangara. Ya sa giya, mota ta taho, ya taka birki, sai fedal ya tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. Muka ji ya ce, "Baba, ba birki!" Ya fizgi birkin hannu, amma kafin ta tsaya ta daki katangar maƙwabci, fitila ɗaya ta tarwatse. A gindin katangar nan jikokinmu biyu suke cin tuwo, ba a yi minti biyar da kiransu cikin gida ba. Kwanon da suka bari mun same shi a lanƙwashe ƙarƙashin taya. Har yau in muka tuna sai gabanmu ya faɗi.

Wani tsohon bakanike da ke bayan layinmu ya ji ƙara ya fito. Ya ce, "Alhaji, kun taka birkin kafin ku motsa ta?" Muka ce a'a. Ya shiga, mota tana tsaye, ya taka sau shida ko bakwai, fedal ya yi tauri. Ya ce, "Da kuka mai da fistan ciki, kun bar rata tsakaninsa da fad. Takawar farko da ta biyu ratar suke cikewa, ba sa kama kome. Ko yaron da ya shekara ɗaya a gareji ya san wannan." Muka yi shiru, domin gaskiya ya faɗa.

Da gari ya waye ya sake kwance aikin a gabanmu. Ya tarar mun murɗe tiyo ɗaya, mun shafa giris ɗin da bai dace ba, ba mu kankare cibiya ba.

Fa'ida a kan man birki

In an taka sau da yawa fedal bai yi tauri ba, to iska ta shiga, ko mai yana yoyo. Fitar da iska aikin mutum biyu ne, ɗaya yana takawa ya riƙe, ɗaya yana buɗe ɗan nonon da ke jikin kalifa ya rufe, ana lura kada tulun ya ƙafe. Nonon nan a sama yake zama. In ya koma ƙasa, an sauya kalifar dama da ta hagu, iska ba za ta fita ba ko an kwana ana yi.

A duba murfin tulu a ga irin man da mota ke sha. DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa, DOT 5 ba ya haɗuwa da su. Man birki yana shan ruwan da ke cikin iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, sa'an nan birki ya ɓace a tsakiyar gangara. Don haka ake canja shi duk shekara biyu, kuma kada a sayi na buɗaɗɗiyar kwalba. Baƙin mai ko man giya kuwa ko kusa.

Saye da gwaji

Mu da ba ma sayen buhu sai mun soka masa ƙarfe mun ga ƙwaya, bai kamata mu sayi fad a kwali ba mu duba ba. A tafi da tsohon a gwada da sabon. Fad in ya rage milimita 3 ya isa canji. Diski kuma akwai lambar iyakar sirantarsa a rubuce a jikinsa, in ya kai ta, kada a kai shi a fere. Kuma dama da hagu tare ake canja su. Araha ba ta ado, balle a birki.

Notin taya a ɗaure shi wannan da na daura da shi, a sake dubawa bayan kilomita 50. Sabon fad sai ya saba da diski. A sami hanya marar mutane, mota ba kaya, a kai gudu 50 a rage zuwa 10 kamar sau goma, sa'an nan a yi kilomita 200 ana lallaɓa shi.

Hisabi

Abin da muka so mu tsira da shi kuɗin aiki ne. Abin da muka biya kuwa: fitila, gyaran katanga, fenti, ladan tsohon bakanike, ga kasuwar Maigatari ta wuce mu, dillali ya sayar wa wani. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Ba mu ce kada kowa ya taɓa birkinsa ba. Wanda yake da kayan aiki da lokaci, kuma masani ya tsaya masa karon farko, zai iya. Amma kada a fara ranar jajiberin kasuwa, kada a ƙarasa cikin duhu, kuma kada mota ta motsa sai fedal ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafa. In fistan ya yi tsatsa, ko tiyo ya tsage, ko an ga mai a jikin taya, a kira bakanike. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.