Kuɗi Kaɗai Ba Ya Haifar Da Dakta

Duk lokacin da aka tayar da zancen tallafa wa masu karatun digiri na uku a ƙasar nan, sai a nufi asusun TETFund, kamar kuɗi ne kaɗai matsalar. A ganina, kaɗaici ya fi cin ɗalibanmu. Ɗalibi zai shekara biyar yana rubutu, ba mai karanta aikinsa sai malami ɗaya, shi ma ayyuka sun yi masa katutu.

Masu nazarin ƙirƙira da bunƙasar tattalin arziki sun daɗe da gane haka. Ƙungiyar Globelics, wadda Farfesa Lundvall na Jami'ar Aalborg ta Denmark ke cikin waɗanda suka kafa ta, takan tara ɗalibai su gabatar da aikinsu gaban manyan masana, a yi masa gyara ba sani ba sabo. A 2012 aka kafa reshenta na Afirka, AfricaLics, a Dar es Salaam, ofishinsa kuma yana Nairobi.

Abin da ke damuna shi ne fagen binciken yana ƙofar gidanmu. Maƙeran Panteka a Kaduna suna ƙera injinan niƙa da na casa, dukawan Kano suna sauya fasalin jaka da takalmi gwargwadon kasuwa. Ta yaya suke koyon sabuwar dabara, wa ke koya wa wa? Ɗalibin Zariya da na Sakkwato na iya yin wannan tambaya ɗaya, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Haɗa su sau ɗaya a shekara bai kai kuɗin tura mutum guda Ingila ba.