Inda Jam'i Yake Komawa Mufuradi a Nahawun Turanci

Daga cikin mas'alolin nahawun Turanci da suke yawan kayar da ɗalibanmu na Ikara da Makarfi da Kudan a jarrabawar WAEC da ta NECO, har ma da manyansu masu rubuta wasiƙar neman aiki, akwai wata ƙarama wadda, ko da yake ƙa'idarta ba ta fi layi biyu ba, sai ka tarar mutum ya ƙare sakandare bai kiyaye ta ba, wato yadda adadi da suna suke haɗuwa su zama sifa guda.

Bayaninta shi ne, idan adadi da abin ƙidayarsa suka gabaci wani suna domin su siffanta shi, to wajibi ne a ƙulla su da karan ɗori, a kuma bar abin ƙidayar a mufuradinsa, komai yawan adadin. Manomin tumatir a Hunƙuyi da ya sayi buhun taki mai kilo 50, abin da ya saya shi ne a fifty-kilogram bag. Amma idan aka jinkirta adadin ya zo bayan aikatau, jam'i ya dawo, karan ɗori ya faɗi, a ce the bag weighs fifty kilograms. Haka Ahmed Makarfi, da ya mulki Jihar Kaduna daga 1999 zuwa 2007, ya yi two four-year terms: harafin s yana kan zangon mulkin, ba kan shekarun ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kuwa, manufofinsa bakwai na 2007 sunansu Seven-Point Agenda, masu cewa points sun yi lahani.

Abin mamaki, a ganina, shi ne Bahaushe bai kamata wannan ta ba shi wuya ba, domin harshensa ya riga ya saba da ita: tafiyar kwana uku muke cewa, da yaro ɗan shekara goma, da rake dami ashirin a kasuwar Makarfi, ba wanda yake neman jam'i a nan. Wanda kuma ya zauna gaban malam a zaure ya karanta babin adadi a Alfiyyar Ibn Malik ya san cewa a Larabci tamyizin 11 zuwa 99, wato abin ƙidayarsu, mufuradi ne. Abin da ya ɓata lamarin shi ne haddar firamare, inda aka cusa wa yaro cewa duk abin da ya wuce ɗaya sai an liƙa masa s, ba a gaya masa cewa sifa a Turanci ba ta karɓar jam'i ba.

Shi kuwa karan ɗorin, kada a ɗauke shi ado, domin ma'ana takan rataya a kansa. Mai gadin da aka rubuta masa twenty four-hour shifts zai yi aikin awa huɗu-huɗu sau ashirin, alhali wanda aka rubuta wa twenty-four-hour shifts wuni zai yi ya kwana a bakin ƙofa.